Wutar da Ke Ɗaukewa a Hanyar Kadawa

Duk wanda ya bar Kano ta titin Zariya a ƙarshen hunturu zai yi ta ganin ƙasa a bushe ƙamas, ba komai a gonaki sai tushiyar kara da awaki, har ya wuce Na'ibawa da Dangwauro da Kwanar Dawaki, ya haye gadar Tamburawa. Kafin ya kai Kura launin duniya ya sauya. Alkama ce shar a dama, albasa a hagu, can gaba masara ta kai ƙirji, ga mutane a sunkuye cikin tumatir ana ta cika kwanduna, alhali rabon sama da zubo ruwa tun watan Oktoba. Iskar ma daban take, ana jin ɗanyen laka a cikinta da ƙaurin buntun shinkafa.

Ruwan nan daga Tiga yake. A zamanin gwamna Audu Bako aka datse kogin Kano a can, aka gama madatsar a 1974, tana iya riƙe ruwan da ya kusa mita kubik biliyan 2. Babban kanal ke ɗauko shi, ya biyo ta tafkin Ruwan Kanya, ya gangaro ya rabu gida biyu, reshen yamma da na gabas, ba tare da wani inji yana tura shi ba, gangaren ƙasa ne kawai ke aikin. A Kadawa aka fara gwajin noman, shi ya sa sunan ya bi yankin gaba ɗaya, ko da yake filayen sun ratsa ƙananan hukumomin Kura da Garun Malam da Bunkure. An tsara kashin farko a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi.

Titin kwalta ba ya buƙatar taswira. Rikicin yana ciki. Da zarar ka sauka ka kama hanyoyin da ke bin gefen kanal, kowace kama take da 'yar'uwarta: jar hanya miƙaƙƙiya, ruwa a gefe ɗaya, kunyoyi a ɗaya gefen, 'yar gada ta siminti, sai kuma wata jar hanyar. Injiniyoyin ƙasar Holan da suka zana aikin da ma'auni suka zana shi, don haka babu wata tsamiya ko wani dutse da baƙo zai riƙe a ransa. Ɗan gari ya san kowace kwana da sunan mai gonar da ke bakinta. Baƙo kuwa yana iya hango gonar da yake nema a ƙetaren ruwa, ya sha tafiya kafin ya sami inda zai haye.

Awon gonaki ne ya kai ni. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a watan Nuwamban 2015, ya zama ruwan dare mai raba taki ko iri ko bashi ya ce sai an kawo masa girman gona a hekta, da lambobin da ke nuna inda take a doron ƙasa. Wata ƙungiyar manoma da ɗan yayata ke cikinta ce ta buƙaci haka, ni kuma ina da babur, ina da na'urar GPS irin wadda ake ɗaurawa a kan mashin. Tana nuna hanya, tana kuma ajiye sawun duk inda aka bi da ita. In ka cire ta ka zagaya gona da ƙafa, daga sawun ake fitar da girman filin.

A nan muhimmancin mariƙinta yake. Batirin cikin na'urar ƙarami ne, kuma ya tsufa. In rana ta take, dole a ƙure hasken fuskarta kafin a ga komai, hasken kuwa wuta yake ci. Tsarin aikin shi ne, ta sha caji a kan babur tsakanin wannan gona da waccan, ta kashe shi a zagaye, ta dawo mazauninta ta sake sha. Mariƙin roba ne baƙi da aka ɗaure da noti a kan mashin. A tsakiyarsa akwai 'yan fil na tagulla masu sifirin a ƙarƙashi, kowanne bai kai kan ashana ba. In ka danna na'urar ta zauna, fil ɗin su tokare wasu 'yan faranti a bayanta, wuta ta wuce. Daga mariƙin waya ta bi wuyan babur, ta shige ƙarƙashin tanki, ta kai ga batir. A tsakiyar wayar akwai wata 'yar akwati baƙa mai rage wutar babur, bolt 12, ta mayar da ita bolt 5 irin na cajin wayar hannu.

A kan kwalta lafiya lau muka zo. Muna sauka kan burji bayan Karfi ta fara kuka, ta rubuta cewa wutar waje ta ɗauke, ta koma kan batirinta. Can kuma sai ta ce wuta ta dawo. Kowane rami da irin amsar da take bayarwa. Ɗan yayata da ke bayana ya lura da abin da ban lura da shi ba.

"Kawu, ba rami kaɗai ba ne. Duk sanda ka karya kan mashin hagu sosai take yi."

Na tsaya, na juya kan hagu har ƙarshe, ta ɗauke. Na miƙe shi, ta dawo. Muka nufi Kura.

Kura tsohon garin sana'a ne. Kafin shinkafa, da rini aka san ta. Turkuɗi da rawani ɗan Kura sun yi suna har Agadas, Buzaye na saye da tsada saboda sheƙin shunin da ake bugawa a jikinsu. Yau abin da ke cika kunne shi ne ƙarar injinan casa, mata na turara shanshera a manyan tukwane, ana shanya ta a kan tamfol duk inda aka sami fili. Inda injina suka yi yawa, masu gyara ma kan yi yawa, kuma hannunsu kan faɗa. Mai rewayar da aka nuna mana yana ƙarƙashin wata rumfar kwano, yaransa na kwance kwayil ɗin wani janareto.

Abin da ya fara burge ni da shi, bai taɓa komai ba sai da ya gama tambaya. Yaushe ta fara? A kan kwalta tana yi? In an kashe mashin na'urar na ci gaba da caji? Da na ce masa e, tana ci gaba, sai ya gyaɗa kai, ya ce wa yaronsa ya ɗauko mita.

"Yallaɓai, ruwa ba ya tsami banza. Bari mu fara daga gida."

Gida a wurinsa shi ne batir. A kashe, mita ta nuna bolt 12 da 'yan kai. Ya sa aka buga mashin, aka ba shi wuta, ta haura zuwa wajen 14 ta tsaya. Wannan ya wanke batir, ya wanke abin da ke daidaita cajin da ke fitowa daga kwayil. Ya ce da ta zarce 15 tana ta hawa, da a nan zai tsaya, domin irin wannan wutar ce ke ƙone caja da kwan fitila, ta tafasa ruwan batir. Ya ƙara da cewa rabin masu kawo masa cajar waya da ta mutu a kan babur, matsalarsu ɗaya ce cikin biyu. Ko dai sun cire batir gaba ɗaya tunda da ƙafa ake buga mashin ɗin, ko kuma an jona musu a wayar fitilar gaba. Da yawa daga cikin ƙananan baburan nan fitilarsu kai tsaye take shan wutar kwayil, mai hawa da sauka da ƙarar inji, ba wutar batir mai tafiya a daidai ba. Kwan fitila zai jure. Na'ura mai ƙananan kayan ciki ba za ta jure ba.

Sai ya bi wayar da yatsunsa, taƙi bayan taƙi. Ya sami abu uku, kuma kowanne shi kaɗai ya isa ya kawo abin da muke gani.

Na farko a wuyan babur. An ja wayar ta yi tsam, ba a bar mata sarari ba, don haka duk juyin da kan mashin ya yi sai ta miƙe ta lanƙwashe a wuri ɗaya. Daga waje robar ba ta nuna komai. Da ya murza wurin a tsakanin yatsu biyu, sai ga na'urar ta yi kuka. Ya feɗe robar, muka ga zaren tagullan sun tsintsinke, saura biyu ko uku ke riƙe. Na biyu, baƙar wayar da ke komawa jikin ƙarfe an ɗaure ta ne a ƙarƙashin wani noti mai fenti, tsatsa kuma ta shiga tsakani. Na ukun gidan fiyus ne, bakinsa ya saki, fiyus ɗin na rawa a ciki.

Yadda ya yi gyaran ya cancanci a faɗe shi dalla-dalla, domin a nan gwani ke rabuwa da mai neman kuɗin cefane. Bai murɗe wayoyin ya naɗe da salatif ba, kamar yadda aka saba. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ƙara sabon tsawo, ya haɗa da dalma, ya tabbatar haɗin ya faɗa a ƙarƙashin tanki inda babu motsi, ba a wuya ba, saboda wurin da dalma ta sha yakan yi tauri ya karye in ana lanƙwasa shi. Ya zura wayar cikin wani siririn tiyo, ya bar mata lanƙwasa a wuya, ya sa yaronsa ya juya kan mashin dama da hagu har ƙarshe yana kallo. Baƙar wayar kuma ya ɗauke ta daga kan fenti ya kai ta kan batir kai tsaye, ya goge kawunan batirin suka yi fes, ya shafa musu ɗan basilin. Ya matse bakin gidan fiyus da filaya, ya mayar da ɗan ƙaramin fiyus irin wanda ya tarar, mai amfa 2.

Wani ɗan acaɓa da ke jiran layi ya ce ai da an cire fiyus ɗin an huta, shi zaren waya ya naɗa a nasa. Mai rewaya bai ɗago ba.

"Wayar nan a ƙarƙashin tankin mai ta bi. Ran da ta goge ta taɓa bodi, fiyus ne zai mutu ko kai?"

Ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Fiyus ba don na'ura aka sa shi ba, don wayar aka sa shi, kada ta yi ja ta kama. Shi ya sa wurinsa yake kusa da batir, ba can kusa da mariƙi ba. Na sha ganin babura da wayoyi tsirara suna lilo a gefen tiyon fetur, kuma a kansu ake ɗaukar mata da yara da buhun taki.

Sauyi na ƙarshe shi ya ba da shawararsa. Ya ce a raba jar wayar da batir, a jona ta a layin da makulli ke buɗewa, wanda ke ba ham da fitilar birki wuta. Dalilinsa na farko, 'yar akwatin nan mai rage wuta tana ɗan tsotsa ko da na'urar ba ta kai, batirin babur kuwa bai taka kara ya karya ba, in aka ajiye mashin ya kwana biyu sai a tarar ya yi sanyi. Ya ja kunnena kuma game da akwatin kanta. Ya ce akwai masu ganin ta a matsayin ƙari, su yanke ta su haɗa waya tsaye, su tura bolt 12 inda aka shirya wa 5, na'ura ta tafi ba sallama. Dalili na biyu na mayar da wayar kan makulli sai daga baya na fahimce shi, a wani wurin.

Muka shiga cikin filayen da hantsi. Mutum ba ya gajiya da kallon yadda ake ba gona ruwa a nan. Daga babban reshe ruwa ke shiga ƙaramin kanal, daga nan ya shiga wanda ya fi shi ƙanƙanta, har ya iso 'yar hanyar da ke bin kan gona. Manomi zai ɗauki lanƙwasasshen bututun roba, ya nutsa shi ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗora shi a kan gaɓa ya saki, ruwa ya fara tsallakowa da kansa zuwa cikin kunya. Yara ƙanana sun iya, cikin ƙiftawar ido suke jera goma. Akwai kuma tafkunan da aka haƙa don tara ruwan da ke zuwa da dare, a sake shi da safe. Duk girman Tiga, da kuɗin da aka zuba a cikinta, a ƙarshe ta bututun nan take shiga gona, in ya sha iska kuwa shike nan, shuka ba ta san da wata madatsa ba. Haka na'urar da ke gabana take. Taurarin da take saurare suna can sama da kilomita 20,000, Amurka ta cika adadinsu 24 ta ce tsarin ya kammala a 1995, ta kuma daina dagula saƙon da farar hula ke samu a watan Mayun 2000. Amma duk wannan yana rataye ne a kan 'yan fil biyu da ƙurar Kadawa ke iya rufewa. Mun iya yabon babban aiki da wanda ya gina shi. Masu kula da mahaɗar ƙarshe, mai share 'yar hanyar ruwa da mai bin waya da yatsa, ba kasafai ake tuna su ba, kuma a hannunsu aikin ke rayuwa ko ya mutu.

Gonakin farko sun tafi daidai. Juyin kan mashin ya daina damun ta. Amma da rana ta yi tsaka, bayan na cire ta na mayar sau da yawa, sai wani sabon hali ya ɓullo. In na zaunar da ita, wani lokaci ta kama caji, wani lokaci sai na danna kusurwarta ta ƙasa da babban yatsa. In na saki ta ɗauke. Wannan ba waya ba ce kuma. Na leƙa cikin mariƙin, na ga fil ɗaya ya fi ɗan'uwansa gajarta, ya nutse bai dawo ba, gindinsa kuma ya yi kore-kore.

Mafi kusa da mu a lokacin kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ce. A wannan watan kasuwar ba ta da masaka tsinke. Kwandunan tumatir jere iya ganinka, an rufe bakinsu da ciyawa da takarda, manyan motoci na lodi zuwa kudu, har kasuwar Mile 12 ta Legas. Dillalai na ɗaga murya, manoma sun yi jugum suna lissafi, domin in kaya ya yi yawa kwando kan faɗi har kuɗin ɗauko shi ya gagara fita, tumatir kuwa ba ya jiran gobe. Don maganin wannan asara aka gina kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, mai iya niƙa tan 1,200 a rana. An buɗe shi a watan Maris na 2016, a shekarar ce kuma tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki, kamfanin ya rasa abin niƙawa. Bayan nan ya sha buɗewa yana rufewa.

A bakin kasuwar, cikin jerin masu cajin waya da janareto, muka sami wani saurayi mai gyaran wayar hannu, da gilashin ƙara girma da ɗan hantsaki. Mai rewaya ya san waya da batir. Wannan kuwa ƙananan abubuwa ne sana'arsa. Na kwance mariƙin daga kan mashin na miƙa masa, na ce ko za a ɗan goga samfefa.

"A'a Baba, kar a sa masa. Ruwan gwal ne a kansa siriri, shi ke hana shi tsatsa. In aka kankare, yau zai yi aiki, wani satin ya fi haka lalacewa."

Ya ɗiga sifirit a gindin fil ɗin, ya bar shi ya jiƙa, ya riƙa danna shi da tsinken sakace a hankali yana saki. Da farko shiru. Can sai ga wani jan laka mai haɗe da kore yana fitowa. Ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya sake ɗigawa, ya sake dannawa, har fil ɗin ya fara tsalle da kansa ya dawo daidai da ɗan'uwansa. Farantan bayan na'urar kuma da robar goge fensir ya murza su suka yi haske.

Yana aikin yana bayani, kuma bayaninsa ya yi daidai da abin da ilimin lantarki ya tabbatar. Ƙura ita kaɗai ba ta cin ƙarfe. Amma a nan ƙurar hunturu kan haɗu da raɓar safiya da ke sauka a filayen ban ruwa, da fantsamar ruwan kanal in an ratsa inda ya malalo kan hanya, da gishirin takin zamani da ke hannun kowa. Wannan cakuɗin yana ɗaukar wuta. In mariƙi na buɗe, fil biyu na kusa da juna, ɗaya da wuta ɗaya babu, laimar ta haɗa su, sai wuta ta riƙa ratsawa kaɗan-kaɗan tana narkar da ƙarfen ɗaya. Koren nan da na gani ke nan. Muddin wayar na jone da batir kai tsaye, wannan cin ba ya tsayawa, dare da rana, ko mashin na jingine a zaure. A nan na gane dalili na biyu na mai rewayar Kura. In makulli ya rufe, fil ɗin sun mutu, laima ba ta da abin da za ta yi aiki da shi.

Masu ƙera irin wannan mariƙi kan haɗo shi da ɗan murfi na roba don rufe fil in an cire na'ura. Irin abin nan ne da ke ɓata tun a makon farko. Saurayin ya yanko tsohon tiyub, ya yi masa baki daidai mariƙin, ya huda gefe ya ɗaure da zare a jikin notin don kada ya faɗi. Ya ce duk sanda na cire ta zan zagaya gona, in ja robar in rufe, in kuma zan wanke mashin kada in bari a watsa wa wurin ruwa. Kuɗin da ya karɓa bai kai na kwanon abincin da muka ci a gefensa ba, abin da har yanzu nake ganin bai dace da aikin ba.

Ina da ƙorafi a kan kayan da ake shigo mana da su. An yi su ne da tunanin mai hawa babur don shaƙatawa a kan kwalta, ya dawo ya ajiye a gareji. A nan babur jaki ne, mota ce, motar asibiti ce. Yana kwana a waje, yana ɗaukar buhu uku, yana bin burji mai kunya-kunya da ke girgiza kowane noti. Yanzu kuma da matasa ke ɗaura wayar hannu a kan mashin suna bin taswirar Google, kasuwa ta cika da caja masu arha da ramin USB a buɗe yana kallon sama, ba murfi, ba fiyus. Mai saye ba shi da yadda zai gane mai kyau. Ilimin da ke kare shi yana wurin mutane irin biyun nan da na haɗu da su, kuma da baki kawai yake yawo.

Daga Kwanar Gafan muka nausa gabas, ɓangaren Bunkure. Na'urar ba ta sake kuka ba, na samu na mayar da hankali kan awon da kansa, wanda shi ma yana da nasa zancen. Manomi a nan da eka yake magana, takarda kuma hekta take nema, hekta ɗaya kuwa eka biyu da rabi ce saura kaɗan. Eka guda murabba'in mita 4,047 ce, wato in fili ya tashi daidai kowane gefe wajen mita 64. Na'ura irin tawa tana iya kuskuren mita uku zuwa biyar ko da sama a buɗe take. Ƙara mita uku a tsawo da faɗin irin wannan gona, girmanta ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma. Don lissafin buhun taki wannan ba laifi. Don raba gardamar iyaka kuwa, ko rabon gado, bai isa ba sam. Na faɗa wa duk wanda na auna wa gona haka, domin na ga yadda ido ke sauyawa in lamba ta fito a fuskar na'ura, kamar alƙali ne ya yanke. Wani dattijo da awonsa ya fito ƙasa da abin da ya sani tun zamanin mahaifinsa, na rubuta masa lambobin biyu a jere, na ce igiya da maƙwabta su ne shaida, ba wannan ba.

Can ƙarshen wani layi muka tarar da abin da duk mai noman rani ya sani: na kusa da bakin ruwa yana ƙoshi, na wutsiya yana jira. Ƙaramin kanal ɗin ya cushe da kacala da laka, ruwan da ke isowa bai kai ya rufe bakin bututu ba. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara manyan hanyoyin ruwa da dama a wannan yanki, ya kuma ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da ƙananan. Inda ƙungiya ke da ƙarfi ana gani a jikin kanal. Inda ba ta da shi ma ana gani. Albasar mai gonar ƙarshe ta fara sunkuyar da kai. Tsoho ne, ya tsaya yana kallona ina zagaye, har na gama na faɗa masa girmanta. Bai nuna ya damu da lambar ba.

"Malam, abin nan naka, in ka tsaya a wuri yana iya riƙe wurin, wani ya zo ya same shi?"

"Yana iyawa, Baba."

"To zo mu je."

Ya wuce gaba da ƙafa, muka bi shi muna tura babur, muka yi tafiya mai ɗan nisa a kan gaɓa zuwa inda wata ƙofar ruwa take. Ƙarfenta ya lanƙwashe, simintin gefenta ya tsage, ruwa na zurarewa ta ƙasa yana shiga wani kwari inda ba kowa ke nomawa ba. Ya ce sun sha kai maganar, kullum sai a tambaye su wace ƙofa, a wane layi, su kwatanta, a ce za a zo, wanda aka turo kuma ya duba wata daban ya koma.

Na ɗora na'urar a kan simintin, na jira lambobin suka daina rawa, na adana wurin. Ɗan yayata ya kwafe su a takarda da manyan baƙaƙe, digiri 11 da 'yan kai arewa, 8 da 'yan kai gabas, har zuwa lamba ta ƙarshe, ya ɗauki hoton tsagar da wayarsa. Tsohon ya sa aka yi kwafi biyu. Ɗaya ya ce a kai wa shugaban ƙungiyarsu kafin taron ranar Asabar, ɗayan ya ninke ya sa a aljihun 'yar shararsa, ya ce mana akwai wata ƙofar a gaba da ita ma yake so a rubuta kafin la'asar.